Tambaya da Amsa: tsohon injin finbol ya ci tsatsa, in gyara ko in haƙura?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Ni mazaunin garin Kolombos ne a jihar Ohayo ta Amurka, direban babbar mota ne. Maƙwabcina wani dattijon Bature zai tashi ya koma wajen 'yarsa, shi ne yake ta rabuwa da tarkacen da ke garejinsa, to a ciki akwai tsohon injin wasan finbol, irin mai ƙwallon ƙarfen nan da ake bugawa a ƙarƙashin gilashi, an rubuta Williams a jikinsa kuma sunansa Space Mission. Ya ce ya fi shekara 20 rabon da a kunna shi. Ƙafafun duk sun yi jawur da tsatsa, ƙofar da ake jefa kuɗi ita ma haka, da na leƙa ciki ban ga wani allon kwamfuta ba sai wayoyi birjik da ƙananan ƙarafa, wasu sun yi tsatsa wasu sun yi fari-fari, ga wani warin rima. Ya ce in ba shi dala 250 in ɗauka. Yara sun riga sun ƙyalla ido sun gani sun hana ni sakat, ita kuwa uwargida cewa ta yi shara zan kwaso mata, kuma wai ma injin caca ne. Ina ɗan taɓa gyaran mota amma ban taɓa buɗe irin wannan ba. Don Allah ya cancanci a gyara? Kuma in na gyara zan iya sayarwa in ci riba?

Mai karatunku, daga Kolombos

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Kafin komai, don Allah kar ka jona shi a wuta, ko da dattijon ya ce bari a gwada maka ka gani, ka ce masa a'a. Injin da ya shekara 20 a gareji wayar wutarsa ta bushe ta tsattsage, ba ka san wane irin fis aka cusa masa ba a baya (akwai masu naɗe fis da takardar azurfar sigari don kawai wasa ya ci gaba), kuma in wani koyil, wato naɗin wayar da ke zama maganaɗisu in wuta ta shiga shi, ya maƙale a kunne to cikin 'yan mintuna zai ƙone ya cika maka gareji da hayaƙi. Dubawa da ido da hanci ita ce ta farko.

Ga masu karatu da ba su taɓa ganin abin ba, in kun tuna wasan ƙwallon nan da ke zuwa cikin kwamfutoci masu Windows XP wanda muka sha bugawa a kafe ana jiran intanet ya kawo, to asalinsa ke nan, sai dai wannan na gaske ne, akwatin katako mai ƙafa huɗu da ya kai nauyin kilo 100 ko fiye, da tebur mai gangara da filafilai biyu da ake maido da ƙwallo da su. Wanda ɗan'uwanmu ya samu kamfanin Williams na Cikago ne ya yi shi a 1976, mutum huɗu ke iya bugawa bi da bi, hoton da ke jikinsa kuma na haɗuwar kumbon Apollo na Amurka da Soyuz na Tarayyar Sobiyet ne a sararin samaniya a watan Yulin 1975. Yana cikin na ƙarshe-ƙarshen masu aiki da rile (makunnin da wuta ke buɗewa da rufewa da kanta) da moto zalla, don daga 1977 manyan kamfanonin suka fara komawa allon lantarki, zuwa 1979 ma kamfanin Gottlieb da ya fi kowa daɗewa a tsohon tsari ya sallama.

Toh maganar tsatsa. Ni a ganina ka sa ido a inda bai kamata ba, tsatsar da ta fi ɗaga maka hankali ita ce mafi arhar matsala a duk injin. Ƙafafu ƙarfe ne kawai mai kusurwa, ka goge da burushin waya ka fesa fenti shikenan, in ma sun rube ana sayar da sababbi da notinansu don kusan girma ɗaya ne da na sauran injinan zamanin. Ƙofar kuɗi, sandar da ke danne gilashi, ƙananan faranta da ke riƙe koyil, duk ana kwance su a jiƙa a ruwan cire tsatsa irin Evapo-Rust ko ruwan kal na kwana ɗaya, a wanke a busar nan take. Su kuwa abubuwan da ke ɗauke da wutar, wayoyi tagulla ne, 'yan siraran ƙarafan makunni ma dangin tagulla ne, ba sa tsatsa sai dai su yi baƙi ko kore, ana gogewa. Wancan fari-farin da ka gani rufin ƙarfen ne ya ci iska da danshi, ka sa takunkumi lokacin gogewa kar ka shaƙa.

Abin da tsatsar za ta yi maka amfani da shi shi ne labarin da take bayarwa. Ka duba a ina take. In ta yaɗu ko'ina sama-sama to danshin gareji ne kawai, ba komai. Amma in ka ga ta tsaya a layi ɗaya, daga ƙasa zuwa wani tsayi komai ya ci, daga nan sama kuma fes, kuma katakon ya yi shatin ruwa a daidai wurin, to injin ya taɓa zama cikin ambaliya ko ruwan rufi ya daɗe yana zuba masa, wannan kuma wani zance ne daban. Ka sa sukundireba ka ɗan danna katakon ƙasan akwatin da kusurwoyin da ƙafafu ke ɗaure, in ya nutse ko falle-fallen katakon sun rabu suna buɗe baki, aikin ya tashi daga na mai gyaran wuta ya koma na kafinta. Haka in ka kama wani abu mai juyawa ka ga ya daskare, ka bambance ko tsohon giris ne ya bushe ya kama shi, wanda sifirit ke narkarwa, ko tsatsa ce ta ci sandar har ta yi ramuka. Na farkon kusan kowane tsohon inji yana da shi. Na biyun in ya yi yawa ka ja da baya.

Abubuwa biyu ne ke yanke hukunci a wajena, gilashin kai da fuskar tebur, don su ne ba a gyara su da ƙarfin hali kawai.

Gilashin nan mai hoto da ke tsaye a sama, fentinsa a bayan gilashin aka buga shi, kuma shekarun da ya yi yana shan sanyin hunturun Ohayo da zafin bazara a garejin da ba hita suna sa fentin ya riƙa ɓarewa kamar ƙaiƙayi. Ka haska tocila ta baya ka gani, in haske na ɓullowa ta ramuka ko'ina to ya tafi. Kar ka kuskura ka sa tsumma mai ruwa a bayansa wai za ka share ƙura, garin neman gira za ka rasa ido, hoton zai biyo tsumman. In ɓarewar kaɗan ce masu harkar suna fesa masa wani ruwan rufi mai suna Triple Thick ya riƙe abin da ya rage. In kuwa ya lalace, akwai masu buga sabo amma yakan kai dala 200 zuwa 300 ko sama, ka ga ya riga ya cinye kuɗin injin kansa.

Fuskar tebur kuma katako ne mai falle-falle da aka yi wa zane. Datti da baƙin layin da ƙwallo ke bari suna fita da man gogewa irin Novus 2 sannan a shafa kakin mota. Abin da ba ya fita shi ne inda fenti ya cinye har katako ya fito fili, ko inda ruwa ya sa katakon ya kumbura ya tsage bin tsawonsa. Ɗan cin fenti a kusa da ramuka da gaban filafilai ba ya hana wasa, kusan duk na wannan shekarun suna da shi. Kuma tsohuwar ƙwallon da ke ciki ka jefar da ita tun ranar farko, ƙwallo mai tsatsa ita ke kankare fentin, sabuwa kuma ba ta wuce kuɗin shayi ba, girmanta inci 1 da 1/16.

Na uku da zan ƙara shi ne ko an taɓa yi wa injin fashin kaya. Ka buɗe bayan kan ka duba ƙafafun lissafin maki, waɗannan masu lambobi da ke juyawa, ko duk suna nan jere huɗu. Ka duba ƙasan akwati ko taransifoma na nan, ko moton lissafi na nan, ko akwai wurin da aka datse damin wayoyi da almakashi. Inji mai datti amma cikakke ya fi inji mai sheƙi da aka cire wa hanji, kuma wanda ba a taɓa ba ya fi wanda wani gwani-na-iya ya bi ya lanƙwasa kowane makunni. A nan ka yi sa'a ɗaya, Space Mission an buga shi sama da guda 11,000, saboda haka kayansa na hannu ba sa wuyar samu a Amurka, kuma taswirar wayoyinsa ana samunta. Ka tambayi dattijon ma ko tana nan, galibi akan bar ta a naɗe cikin akwatin. Ba a gyaran irin wannan inji ba taswira, wallahi wahala kawai za ka sha.

Bari in ɗan faɗa maka yadda yake tunani don ka san abin da za ka shiga. Babu kwamfuta, ƙwaƙwalwarsa wani ƙaramin moto ne da ke juya faifai masu haƙora, haƙoran suna taɓa jerin makunnai ɗaya bayan ɗaya, a na Williams rabin zagaye yake yi ya tsaya duk lokacin da aka kira shi. Da ka danna maɓallin farawa, sai ya yi ta juyawa yana tura kowace ƙafar lissafi har ta dawo sifili, kuma kowace ƙafa tana da makunnin da ke shaida cewa ta iso sifilin. In guda ɗaya tak ya yi datti bai shaida ba, moton ba zai tsaya ba, zai yi ta gurnani har ka kashe wuta. Yawancin injinan da ake cewa sun mutu irin wannan ce matsalarsu, datti da busasshen giris, ba wani abu da ya ƙone. Mai mutum huɗu kuwa ya fi mai mutum ɗaya yawan irin waɗannan sassa nesa ba kusa ba, ga shi naka yana da wani abin hari mai lilo a tsakiyar tebur da ke da nasa moton, don haka ka shirya wa aikin ƙarshen mako da yawa, kai da kake kan hanya ma sai ya ɗauke ka watanni.

Tunda hannunka na gyaran mota ne, ga inda sabon zai cuce ka. Kar ka fesa man feshin nan na WD-40 a ciki, ko kaɗan. Yana kama ƙura ya zama danƙo, kuma makunnan nan suna tartsatsi, feshi mai kama wuta da tartsatsi a cikin akwatin busasshen katako ka san ƙarshen zancen. Sandunan da ke shiga cikin koyil a bushe suke aiki, ba a sa musu mai, gogewa kawai. Makunni kuma kafin ka lanƙwasa shi ka fara ɗaure sukurorin da ke riƙe jerin, don sukan saki da tsufa, sannan ka ja farar takarda mai kauri tsakanin bakunan. Sashe ɗaya za ka kwance a lokaci ɗaya, ka ɗau hoto da waya kafin ka taɓa, ka mayar ka gwada da hannu sannan ka wuce na gaba. Wayar wuta ka canza ta da mai baki uku mai waya ta ƙasa, kowane fis ka duba lambarsa ta dace da abin da aka rubuta a gefensa. Koyil-koyil ɗin wajen bolt 24 suke ci, fitilu bolt 6, amma akwai wuraren da wutar gida ke bi kai tsaye, to hannu ba ya shiga sai an zare soket, balle ga yara na zagaye da kai.

Maganar uwargida kuwa, ka gaishe ta, ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Na farkon-farko a shekarun 1930 ba su da filafilai, sa'a ce zalla, wasu ma kuɗi suke biya, shi ya sa magajin garin Niyok Fiorello LaGuardia ya haramta su a 1942 har 'yan sanda suna farfasa su da guduma. Filafilan sai a 1947 suka shigo da injin Gottlieb mai suna Humpty Dumpty, daga nan ƙwarewa ta shigo cikin wasan, kuma a 1976, shekarar da aka yi naka, wani marubuci Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin Niyok ya nuna musu iyawa ce, suka ɗage haramcin. Naka ba ya fitar da ko sisi, iyakarsa ya ba ka wasan kyauta in ka ci maki da yawa, a gida kuma ana saita shi ya yi aiki ba a jefa komai. Hukuncin shari'a na malamai ne ba nawa ba, amma yadda injin yake ke nan. Abin da ya kamata ta yi ƙorafi a kai shi ne ƙara da wuri, don abin yana da ƙararrawa kuma zai cinye mata kusurwar ɗaki.

Riba dai ka cire ta a ranka. In ka haɗa kuɗin robobin da ƙwallo ke karo da su a kan tebur, ƙwayayen fitila, kayan sabunta filafilai, fenti, wataƙila gilashi, ka ɗora awannin da ka zuba, da ƙyar ka maida uwar kuɗi, masu tara irin waɗannan sun fi zuba kuɗi a kan na shekarun 1990. Hukuncina, in gilashin kai da fuskar tebur suna da kyau, katako bai rube ba, kaya cikakku, ka ɗauka, dala 250 ba tsada ba ce, ka ma taya 150 tunda tashi zai yi. In biyu daga cikin waɗannan sun faɗi, ka bar masa abinsa ko ka karɓa kyauta ka sayar wa masu neman kayan gyara. Ranar ɗauka ku zama mutum biyu, a zare gilashin kai a ajiye shi daban a tsaye, a cire filogan wayoyin da suka haɗa kai da jiki, a kwance kan, sannan ƙafafu.

TAMBAYA

Salam Yallaɓai. Ni ɗalibin fannin lantarki ne a Kaduna. A wani sito da ake sauke kayan Beljiyam na ga irin injin wasan nan mai ƙwallon ƙarfe an jingine shi a bango, rubutun jikinsa ba Turanci ba ne, mai kayan ya ce cikon kwantena ne aka saka masa kuma in ina so in kawo ko nawa ne. Ya yi tsatsa kuma akwai kashin ɓera a ciki. Ina sha'awar in tada shi don in koyi aikin rile. A nan gida zai yiwu kuwa?

Ɗalibinku, daga Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Duk abin da na faɗa wa yayanka na Ohayo ya hau kanka, sai ƙarin abubuwan da ƙasarmu ta jawo.

Ka fara da kashin ɓeran nan, kar ka ɗauke shi wasa, ka san zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa, kuma tun da injin ya zauna a sito ba ka san ɓeran ina ne ya kwana a ciki ba. A fito da shi waje, safar hannu da takunkumi, a yayyafa ruwan bilic a kan dattin da ke ƙasan akwati ya jiƙa kafin a kwashe, ba shara a bushe ba kuma ba hurawa da iska ba. Bayan nan ka bi damin wayoyi da ido don ɓera yana cin rigar waya, ka kuma ƙwanƙwasa katako ka ji ko gara ta riga ka.

Tunda rubutun ba Turanci ba ne, wataƙila ɗan Italiya ne ko Sifen, can akwai kamfanoni irin Zaccaria na garin Bolonya da Recel da Playmatic da suka yi irin waɗannan a shekarun 1970, ko kuma ɗan Amurka ne da aka yi don kasuwar Turai. Wannan alheri ne ta fuskar wuta, don Turai da mu duk kusan bolt 220 zuwa 230 muke, bugu 50 a daƙiƙa. Amma kar ka yarda da zato, ka karanta abin da ke jikin taransifoma. In ka ga 110 ko 117 to sai da sitefdawun, kuma motonsa da aka yi wa bugu 60 zai ɗan yi nawa a wutarmu. Ko wanne ne ka haɗa shi da sitabilaiza, wutar NEPA da ƙaramin janareta ba sa tausayin tsohon koyil. Ka kuma tabbatar ƙafafun lissafi masu juyawa ne a kansa, in fitilun lambobi ka gani to mai allon lantarki ne, ba abin da kake nema ba ne.

Wahalarka kayan gyara ce, musamman in ɗan Turai ne, taswirarsa ma sai ka tona. Robobi da ƙwallo dole ka yi oda ko ka roƙi mai dawowa ya riƙo maka. Sai dai kana da abin da na Ohayo ba shi da shi, wato Panteka da masu naɗin koyil. Faranti ko sanda da ta rube, ka kai samfur a ƙera maka. Koyil da ya ƙone, masu naɗa na fanka da famfon ruwa za su iya, kuma a na kamfanonin Williams da Bally lambar da ke jikin takardar koyil ɗin ita ce bayanin, in ka ga 23-750 to waya mai lamba 23 ce zagaye 750. In babu irin wannan lambar sai a warware tsohon a hankali ana ƙirgawa.

Tunda koyo ka ce kana so ba ado ba, kai ko gilashin kai ya ɓare ba ruwanka, abin da ya dame ka shi ne moton lissafi da taransifoma da jerin rile su kasance cikakku. Ka dai kalli hoton da ke jikinsa kafin ka shigo da shi gida, da yawa daga na wancan zamanin hotunan mata ne da shigar da Baba ba zai lamunta a zaure ba. Ka taya shi a farashin ƙarfe da katako, ka haɗa da kuɗin a-kori-kura a lissafinka, kuma ka ɗinka masa rigar leda ko tamfol tun yanzu kafin ƙurar hunturu ta sauko ta shiga bakin makunnan da ka sha wuyar gogewa.